Yadda Za Ka Gane Matsayin Kuɗin Otal ɗin Filin Wasa a Dokokin Kuɗi na Ƙwallon Ƙafa

Duk wanda ya saba zama a gidajen kallon ƙwallo na Agege ko Idi-Araba ko Obalende ya san cewa ba a watsewa da zarar alƙalin wasa ya busa tashi, domin a lokacin ne ake buɗe wata muhawarar, kuma tun daga shekarar 2024 babu wadda ta fi yawan dawowa kamar ta otal-otal ɗin Chelsea, waɗanda ƙungiyar ta sayar wa wani kamfani na masu ita a 2023. Magoya bayan sauran ƙungiyoyi suna cewa tuwona maina aka yi, an sayar wa kai da kayan kai don a tsallake hukunci, su kuwa magoya bayan Chelsea, waɗanda suke da yawa a cikinmu tun zamanin Mikel Obi, suna cewa ai doka ce ta ba da dama. Abin da na lura da shi shi ne ɓangarorin biyu suna zuba abubuwa uku a ƙwarya ɗaya, wato kuɗin da otal yake kawowa kullum, da kuɗin da aka kashe wajen gina shi, da kuɗin da ake karɓa ranar da aka sayar da shi, alhali kowannensu yana da nasa hukuncin.

Abin da zan shimfiɗa a nan hanya ce da mai karatu zai bi da kansa duk lokacin da ya ji an ce wata ƙungiya za ta gina otal a jikin filinta, ko za ta sayar da wanda take da shi, har ya gane ko kuɗin zai ƙara mata ƙarfin sayen 'yan wasa ko ba zai ƙara ba. Ba sai mutum ya karanci aikin akanta ba. Wanda ya taɓa shiga kasuwar shanu ta Oko-Oba ya riga ya san tushen maganar, domin ya san cewa nonon da ake tatsa kowace safiya daban, kuɗin saniyar kuma daban, kuma wanda ya karɓi na biyun ya yi sallama da na farkon.

Fara da sanin dokar da ke kan ƙungiyar

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauka doka ɗaya ce ke mulkin kowa. Ƙungiyar da ke gasar Firimiya ta Ingila tana ƙarƙashin dokar Firimiya, wadda ke gasar Championship, wato rukuni na biyu, tana ƙarƙashin hukumar EFL mai kula da ƙananan rukunoni uku, kuma duk wadda ta samu gurbin buga gasar Turai sai dokar hukumar UEFA ta hau kanta a ƙari a kan ta gida. Saboda haka ciniki ɗaya yana iya wucewa lafiya a wurin wata hukuma, wata kuma ta soke shi daga lissafi, ba tare da ɗayarsu ta saɓa wa dokarta ba.

Dokar Firimiya da ake taƙaita sunanta da PSR, wadda wa'adinta ya kai ƙarshen kakar 2025/26, ta ce kada asarar ƙungiya ta wuce fam miliyan 105 a cikin shekara uku, kuma ko wannan ɗin ma sai masu ƙungiyar sun tsaya wa fam miliyan 90 daga ciki da dukiyarsu. Ita ce dokar da ta sa aka zabtare wa Everton maki 10 a watan Nuwamban 2023, aka mayar da shi 6 bayan ɗaukaka ƙara, aka kuma cire wa Nottingham Forest maki 4 a watan Maris na 2024. Ita kuwa UEFA ta sauya tsohuwar dokarta a 2022, kuma a sabuwar akwai ma'auni biyu da suka shafi zancenmu. Na farko yana duba riba da asara, inda aka yarda da giɓin da ya kai Yuro miliyan 60 a shekara uku idan masu ƙungiya sun cike shi. Na biyu yana auna abin da ake kashewa a kan tawaga, wato albashin 'yan wasa da na koci, da kuɗin dillalansu, da kuɗin sayensu da ake rarrabawa a kan shekarun kwantiragi, a gwada shi da abin da ƙungiya take samu. An fara da iyakar kashi 90 cikin ɗari a kakar 2023/24, aka sauko 80, sannan 70 daga kakar 2025/26. Ka riƙe waɗannan ma'auni a zuciyarka, domin kuɗin otal yana shiga kowanne ta ƙofa daban.

Sannan ka binciki mai otal ɗin

Kasancewar gini a gefen filin wasa ba ya nufin na ƙungiya ne. Otal ɗin nan mai suna Hotel Football, wanda aka buɗe a 2015 yana fuskantar Old Trafford, tsofaffin 'yan wasa ne irin su Gary Neville da Ryan Giggs suka kafa shi da abokan kasuwancinsu, ba na Manchester United ba ne, don haka komai cikarsa ranar wasa cinikinsa ba ya shiga littafinta. A wasu wuraren kuma otal ɗin a cikin jikin filin yake, kamar na Bolton da na Milton Keynes, inda wasu ɗakuna suke kallon ciyawar wasa kai tsaye, amma ko a irin wannan ma tambayar ba ta sauya ba: sunan wane kamfani ne a kan takarda, kuma shin wannan kamfani yana cikin waɗanda ake haɗa lissafinsu da na ƙungiyar?

Amsar tana cikin rahoton kuɗi na shekara, kuma a Ingila kowa yana iya karanta shi kyauta a shafin intanet na ofishin rajistar kamfanoni, Companies House, ko da daga wayarka ce a cikin cunkoson Ikorodu Road. Kada ka tsaya a shafin farko mai nuna riba da asara. Ka wuce zuwa bayanan da ke baya, ka nemi inda aka jera rassan kamfanin da aikin kowanne, da inda aka rarraba kuɗin shiga zuwa na ranar wasa da na talabijin da na kasuwanci, da inda aka bayyana mu'amala da kamfanonin da ke da alaƙa da masu ƙungiyar. Ka kuma tabbata cewa rahoton da kake karantawa na kamfanin da ya dace ne, domin manyan ƙungiyoyi suna da kamfani a kan kamfani, kuma otal yana iya kasancewa a ƙarƙashin uwar kamfani ba tare da ya shiga lissafin da ake miƙa wa hukumar gasa ba.

A nan za ka ci karo da tsari iri uku. Akwai ƙungiyar da ta mallaki otal ɗin kuma reshenta ne yake tafiyar da shi, to duk cinikin da duk ɗawainiyar nata ne. Akwai wadda ta mallaki ginin amma ta ɗauko wani sanannen kamfanin otal ya sa sunansa ya gudanar, tana biyansa ladan aiki, kuma a irin wannan sau da yawa cinikin yana nan a littafin mai ginin duk da cewa sunan wani ne a bakin ƙofa. Akwai kuma wadda ta ba da hayar fili ko gini kawai, wadda abin da za ta rubuta shi ne kuɗin haya, ko da otal ɗin yana cika maƙil kowane dare. Sunan da ke saman gini ba zai gaya maka wanne ne daga cikin ukun ba.

Idan ka tabbatar otal ɗin yana cikin lissafin ƙungiya, sai ka tambaya ko hukuma ta yarda cewa yana da dangantaka da ita. Wannan tambaya ta fi ƙarfi a wurin UEFA, wadda ba ta yarda attajiri ya ɗauko wata sana'arsa mai riba da ba ruwanta da ƙwallo ya liƙa wa ƙungiya don lissafi ya yi kyau. Ta raba harkokin da ba na ƙwallo ba gida biyu. Waɗanda suke a filin wasa ko filin atisaye ko kusa da su, da waɗanda suke aiki da sunan ƙungiyar a fili, ana ɗaukarsu masu dangantaka, kuma otal da gidan abinci da zauren taro suna cikin misalan da dokokinta suka ambata. Waɗanda kuwa ba su da alaƙa da wurin ko sunan ko ayyukan ƙungiyar, ana fitar da kuɗinsu waje. Ka ga ke nan otal ɗin da aka gina a jikin fili yana da sauƙin tsallake wannan mataki, saɓanin wanda mai ƙungiya yake da shi a wani gari ƙarƙashin wani suna. A ganina wannan rabo ya yi adalci, domin baƙon da ya kwana a otal ɗin fili saboda wasan gobe ƙungiyar ce ta jawo shi, kuma wannan yana cikin dalilan da suka sa shirin Manchester City na faɗaɗa ɓangaren arewa na filinta ya haɗa da otal mai ɗakuna kusan 400.

Ka ware ciniki daga riba

Nan ne lissafin gidan kallo yake yawan ɓaci. Wani matashi ya taɓa tare ni bayan wasa ya ce, "Malam, idan otal yana kawo miliyan ashirin a shekara, ai an samu kuɗin ɗan wasan gaba ke nan." Na ce masa ya tuna da mai shagon kayan masarufi a Mile 12, wanda kuɗi suke ratsa hannunsa da yawa tun safe har dare, amma abin da yake nasa shi ne ragowar bayan ya biya uwar kuɗi da haya da yaran shago. Otal sana'a ce mai cin kuɗi: albashin ma'aikata, wutar lantarki, wanki, abinci, gyare-gyare, da ladan kamfanin da ke gudanarwa.

A ɗauka, don misali kawai, cewa otal ya yi cinikin fam miliyan 20 a shekara, ɗawainiyarsa kuma ta ci miliyan 16. A ma'aunin riba da asara, na Firimiya ne ko na UEFA, cinikin zai shiga ta ɓangaren samu, ɗawainiyar ta shiga ta ɓangaren kashewa, abin da zai rage wa ƙungiya asara shi ne miliyan 4 kacal. A ma'aunin UEFA na kuɗin tawaga kuma, inda mutum zai zaci cewa dukan miliyan 20 ɗin za su kumbura kuɗin shiga, ba haka ake yi ba, domin ana cire ɗawainiyar da ta shafi harkar kai tsaye kafin a sa ragowar a lissafi. Kashi 70 cikin ɗari na miliyan 4 shi ne miliyan 2.8, wato wannan ne ƙarin abin da ƙungiya za ta iya kashewa a kan 'yan wasa a shekarar, wanda a manyan ƙungiyoyin Ingila bai kai albashin ɗan wasa ɗaya fitacce ba. Da a ce ba a cire ɗawainiyar, da ƙungiya za ta samu damar kashe miliyan 14 da sunan otal ɗin da miliyan 4 kawai ya bar mata, kuma wannan shi ne ainihin abin da dokar take son hanawa.

Kada wannan ya sa a raina otal. Amfaninsa shi ne yana aiki kwana 365, alhali wasannin Firimiya na gida 19 ne kawai a kaka, kuma yana jawo wa filin taruka da bukukuwa da baƙin kamfanoni waɗanda ba za su zo ba idan babu masauki. Abin da nake so mai karatu ya riƙa yi shi ne, duk adadin da aka faɗa masa, ya tambaya ciniki ne ko riba.

Ka kuma duba wanda yake biyan kuɗin ɗakunan. Idan wani kamfanin mai ƙungiyar ne ya kama rabin ɗakunan na tsawon shekara a kan farashin da ya ninka na unguwar, to hukumomi ba za su karɓi adadin yadda aka rubuta ba. UEFA tana mayar da irin wannan mu'amala kan farashin kasuwa, kuma Firimiya ta kafa nata dokokin tantance cinikin 'yan gida a watan Disamban 2021, jim kaɗan bayan asusun zuba jari na Saudiyya ya jagoranci sayen Newcastle. Abin da ya haura farashin kasuwa ba a ƙidaya shi a matsayin samu.

Kuɗin gini da kuɗin ruwa

Dokokin nan an tsara su ne don kada su hana ƙungiya gina abin da zai daɗe. Idan an kashe fam miliyan 100 wajen gina otal, ba a rubuta shi a matsayin asarar shekara ɗaya, ana ɗaukarsa kadara ce, sai a riƙa rage darajarsa kaɗan-kaɗan kowace shekara saboda tsufa. Wannan ragin na shekara-shekara kuwa, PSR ta ba da dama a mayar wa ƙungiya da shi kafin a auna asararta, kamar yadda ake mayar da abin da aka kashe a kan makarantar horar da yara da ƙwallon mata da hidimar al'umma, ita ma UEFA ba ta sa shi a cikin lissafinta. Shi ya sa gini yake da daɗi ga attajirin da ke da kuɗi a hannu: abin da ya zuba ba ya cin kason asarar da aka yarje masa, ribar da ta biyo baya kuma tana shiga lissafi.

Amma ba a nan gizo yake saƙar ba. Yawancin gine-gine da bashi ake yi, kuma kuɗin ruwa yana da nasa hukuncin. Wanda ya taru a lokacin da ake aikin, idan an nuna cewa bashin don ginin aka ci, ana iya ware shi, amma da zarar an buɗe ƙofa baƙi sun fara shiga, kuɗin ruwa ya zama ɗawainiya kamar kowace, yana cinye ribar da ake taƙama da ita. Kuma nuna cewa bashi na gini ne ba da baki ake yi ba. A shari'ar Everton ta 2023, ɗaya daga cikin abubuwan da aka yi jayayya a kai shi ne kuɗin ruwan da ƙungiyar ta so a ware da hujjar ginin sabon filinta, kwamitin da ya saurari ƙarar kuma bai gamsu da hujjar ba. Su kansu otal-otal ɗin Stamford Bridge, filin Chelsea, suna da tarihi a wannan fanni, domin a shekarun 1990 ne Ken Bates, shugaban ƙungiyar na lokacin, ya ƙaddamar da aikin da aka kira Chelsea Village, aka ci bashin fam miliyan 75 a 1997, kuma nauyin bashi yana kan ƙungiyar har lokacin da Roman Abramovich ya saye ta a 2003. Saboda haka idan ka ga ribar otal a rahoto, ka juya shafi ka nemi kuɗin ruwan da ake biya, ka cire shi da kanka.

Idan maganar sayarwa ce

Wannan shi ne ɓangaren da ya fi jawo hayaniya, kuma ya kamata a bi shi a hankali. A ƙa'idar lissafin kamfanoni, idan an sayar da gini a kan kuɗin da ya fi darajar da aka rubuta masa a littafi, bambancin riba ne, kuma yana faɗawa gaba ɗaya a cikin shekarar da aka yi cinikin. Ginin da aka daɗe ana rage darajarsa a takarda, alhali a kasuwa ƙara tsada yake, yana iya haifar da riba mai yawa a rana ɗaya. Tambayar ita ce ko hukumar gasa za ta ƙidaya wannan riba, musamman idan mai saye da mai sayarwa aljihunsu ɗaya.

Ƙungiyoyin Championship ne suka fara bin wannan hanya da filayensu. Derby County ta sayar da Pride Park ga kamfanin mai ita a kan kusan fam miliyan 80 a 2018, Sheffield Wednesday ta sayar da Hillsborough ga nata mai gidan a kan fam miliyan 60, Aston Villa kuma ta yi haka da Villa Park a 2019 a kan fam miliyan 56.7. An cire wa Sheffield Wednesday maki 12 a 2020, aka rage zuwa 6, amma ba don sayar da filin ba, sai don an sa cinikin a lissafin shekarar da ba tasa ba, abin da ke nuna maka cewa kwanan wata yana da nauyi kamar farashi. A 2021 EFL ta toshe wannan kafa, ta daina ƙidaya ribar sayar da irin waɗannan kadarori. Firimiya ba ta bi sahu ba a lokacin.

Ta wannan ƙofa Chelsea ta shiga. A watan Yunin 2023, gab da rufe lissafin shekara, ta sayar da otal biyu na Stamford Bridge, Millennium da Copthorne, ga wani kamfani da ke ƙarƙashin BlueCo, wato rukunin Todd Boehly da Clearlake Capital da suka sayi ƙungiyar a 2022. Adadin da aka bayyana fam miliyan 76.5 ne, kuma da shi asarar shekarar ta tsaya a fam miliyan 89.9. Firimiya ta tantance farashin, ta rage masa kusan fam miliyan 6, sannan ta bar cinikin ya wuce. Shekara guda bayan haka aka sake irin wannan da ƙungiyar mata ta Chelsea a kan kusan fam miliyan 200, abin da ya sa rahoton 2023/24 ya nuna ribar fam miliyan 128.4. A watan Yunin 2024 an kawo shawarar toshe kafar a taron ƙungiyoyin Firimiya, amma 11 ne suka goyi baya, alhali ana buƙatar 14 daga cikin 20.

To, mai goyon bayan Chelsea da ya ce doka ce ta ba da dama bai yi ƙarya ba, matuƙar dokar Firimiya ta lokacin yake nufi. Sai dai tsugune ba ta ƙare ba, domin Chelsea ba ta buga gasar Turai ba a kakar 2023/24, amma da ta koma a 2024/25 sai littattafanta suka zo gaban UEFA, wadda ba ta karɓi ribar irin wannan ciniki a matsayin samu ba. A watan Yulin 2025 aka ci ta tarar Yuro miliyan 31, miliyan 20 saboda ma'aunin riba da asara, miliyan 11 saboda kuɗin tawaga, tare da sharaɗin ƙarin tara idan ba ta cika alkawuran da ta ɗauka ba a shekarun da ke gaba. Daga nan kuma, a watan Nuwamban 2025, ƙungiyoyin Firimiya suka amince da sabon tsari da zai maye gurbin PSR daga kakar 2026/27, wanda ya iyakance kuɗin tawaga a kashi 85 cikin ɗari na samu, kuma ribar sayar wa kai da kadara irin su otal ba ta da gurbi a cikinsa.

Ra'ayina a nan a fili yake, ina ganin UEFA da EFL sun fi kusa da daidai. Manufar dokar ita ce ƙungiya ta ci gwargwadon abin da take nomawa, kuma ciro kuɗi daga aljihun dama a sa a na hagu bai ƙara wa gidan ko kwabo ba. Abin da ya fi damuna shi ne makomar ƙungiyar, domin kadarar da ta bar littafinta ta koma hannun mai gida, kuma ranar da zai sayar da ƙungiyar ba lallai ne ya haɗa da ginin ba. Magoya bayan Derby sun ga haka da idonsu lokacin da ƙungiyarsu ta shiga hannun masu kula da kamfanonin da bashi ya durƙusar a 2021, filin wasanta kuma yana hannun tsohon mai ita, har batun filin ya zama wani ƙulli dabam a cinikin ceto ta.

Don haka idan ka ji labarin sayarwa, ka nemi sanin wanda ya saya da dangantakarsa da mai ƙungiya, da ranar da aka ƙulla cinikin da ranar rufe lissafi, da wanda ya ƙiyasta farashin da ko hukuma ta amince da shi. Ka kuma duba ko an biya kuɗin da gaske ko bashi ne aka rubuta tsakanin kamfanoni biyu na mutum ɗaya, domin riba tana iya bayyana a takarda ba tare da sisi ya shiga banki ba. Abu na ƙarshe da mutane suke mantawa shi ne wanda zai riƙa karɓar kuɗin ɗakuna bayan cinikin, wanda sai an karanta rahoton shekarar da ta biyo baya ake ganinsa.

Idan aka dawo gida

Mai karatu a Legas yana iya tambayar inda wannan ya shafe mu. Dokokin da na ambata na Turai ne, ba sa hawa kan ƙungiyoyin gasar NPFL, amma tambayar mallaka ta fi tsanani a nan. Filin Teslim Balogun da na Onikan da na Agege duk na gwamnatin jihar Legas ne, babban filin ƙasa na Surulere na gwamnatin tarayya ne, haka kuma Kano Pillars da filin Sani Abacha da take wasa a ciki duk suna hannun gwamnatin Kano. Ƙungiyar da take aron fili ba ta da ikon rubuta kuɗin otal ko shago ko zauren biki da ke harabar a matsayin nata, sai abin da yarjejeniya ta ba ta. Remo Stars ta Ikenne a jihar Ogun, wadda ta lashe gasar a kakar 2024/25, tana cikin ƙalilan da suke wasa a filin da mai ƙungiyar ya gina, kuma irinta ce za ta iya yin tunanin masauki a gefen fili da lissafin da zai tsaya.

Duk ɗan kasuwar da ke cikinmu da aka tuntuɓa ya sa hannun jari a masauki kusa da wani fili da sunan taimakon ƙungiya, ya fara neman takardar mallakar ƙasar ko ta hayarta ya ga shekarun da suka rage, sannan ya je hukumar rajistar kamfanoni ta CAC ya duba ko ƙungiyar da kamfanin otal ɗin abu ɗaya ne ko biyu, da sunayen masu hannun jari a kowanne. Bayan haka ya nemi a rubuta a cikin yarjejeniya, da adadi, kason da zai riƙa shiga asusun ƙungiyar daga ribar otal ɗin, da abin da zai faru da wannan kaso idan an sayar da ginin ko ƙungiyar ta sauya hannu.